Dangin Gero: Daga Zangarniya Zuwa Ƙarangiya

Gero da maiwa da ƙyasuwa da ƙarangiya duk 'yan ɗaki ɗaya ne a wurin masana tsirrai. Suna cikin rukunin ciyayin ƙasashen zafi da ake kira Cenchrus, wanda ke da jinsi sama da 100 a Afirka da ƙasashen Larabawa da Indiya da nahiyar Amurka, amma Afirka ce ta fi kowa yawansu. Rukunin reshe ne na babban dangin ciyawa, Poaceae, mai jinsi kusan 12,000, har da shinkafa da alkama da masara da dawa da rake. A ilimin tsirrai hatsi ma ciyawa ne. Hannun mutum ne ya raba shi da ta daji.

Da can gida biyu aka yi musu. A 1753 masanin ƙasar Suwidin, Carl Linnaeus, ya sa wa masu ƙaya suna Cenchrus. A 1805 Bafaranshe Louis Claude Richard ya ware masu gashi mai laushi ya kira su Pennisetum, gero ya faɗa cikinsu. Haka aka tafi sama da shekara 200. A 2010 wasu masana, akasarinsu 'yan Ajantina, suka gwada ƙwayoyin gado na tsirran, suka nuna cewa masu ƙayar daga tsatson masu gashin suka fito, don haka raba su ba shi da tushe. Aka haɗe gidajen biyu a ƙarƙashin sunan da ya fi tsufa. Shi ya sa littattafan aikin gona har yanzu suke rubuta Pennisetum glaucum idan suna nufin gero, sababbin littattafan tsirrai kuma suna rubuta Cenchrus americanus, ko da yake asalin gero ba shi da wata alaƙa da Amurka.

Abin da ya haɗa su

Jikinsu irin na sauran ciyawa ne: kara mai gaɓa-gaɓa, dogon ganye mai jijiyoyi a jere, saiwa mai yawa marar uwa guda, da furanni ƙanana marasa ƙamshi ko ado, domin iska ce ke ɗaukar musu bununi, ba kudan zuma ba. Alamar gidan tana a kai. Idan aka tsinki ɗan yanki daga zangarniyar gero aka duba da kyau, za a ga ƙwayoyin zaune ɗai-ɗai ko bibbiyu a kan gajeren tsinke, kuma zoben gashi ya kewaye gindinsu. Wannan gashi ƙananan rassa ne da ba su yi fure ba. A jinsunan daji, idan iri ya nuna, zoben da ƙwayar da ke cikinsa tare suke faɗuwa.

Duk bambancin 'yan gidan daga wannan zobe yake. Na ƙyasuwa yana da laushi da sauƙi, iska ce ke tafiya da shi. Na ƙarangiya ya yi tauri, ya manne a gindi, kowace ƙaya kuma tana da ƙananan haƙora masu kallon baya, ta shiga da sauƙi ta ƙi fita. Da gashin akuya da bakin wando take yaɗa irinta. Na gero ya gajarce, ya daina faɗuwa, ban da wasu iri masu dogon gashi, irin wanda ake ce wa gargasa, da manoma ke so a inda jan baki ya addabi gonaki, domin gashin na hana tsuntsu sakewa a kan zangarniya.

Yadda suke cin gajiyar zafi

Kowane koren tsiro yana haɗa abincinsa ne daga hasken rana da ruwa da iskar kabon da yake shaƙa ta ƙananan ƙofofin ganye. A mafi yawan tsirrai, kamar shinkafa da alkama da wake, sinadarin da ke kama iskar kabon, wanda ake kira rubisko, yana da rauni guda: idan zafi ya yi yawa sai ya riƙa kama iskar oksijin maimakonta, tsiron ya yi asarar wani kaso na aikinsa. Kuma muddin ƙofofin ganye suna buɗe, ruwa na tsiyayewa.

Dangin gero, kamar dawa da masara da rake, sun kauce wa wannan ta hanyar da masana ke kira C4. Ganyensu yana raba aikin gida biyu. Ƙwayoyin halitta na waje suna kama iskar kabon da wani sinadari dabam wanda bai damu da oksijin ba, su miƙa ta ga wasu manyan ƙwayoyi da suka yi wa kowace jijiyar ganye zobe. A can ciki iskar ke taruwa da yawa, rubisko ya yi aikinsa ba kuskure. Tun da haka ne, ganyen ba ya buƙatar buɗe ƙofofinsa sosai, kuma ruwan da yake kashewa wajen haɗa kilo ɗaya na jiki kusan rabin na alkama ne. Hugo Kortschak da abokan aikinsa ne suka fara bayyana alamun wannan hanya a jikin rake a Hawai a 1965, sannan Marshall Hatch da Roger Slack suka warware ta a birnin Birisben na Ostareliya a 1966. Tsirrai masu wannan baiwa kusan kashi 3 cikin 100 ne kacal na masu fure, amma su ke yin kusan kashi ɗaya cikin huɗu na haɗa abincin da tsirran doron ƙasa ke yi. Baiwar tana da iyaka: a sanyi ba ta da amfani, shi ya sa alkama ke yin kyau a Kadawa da hunturu, gero kuwa sai ƙasa ta ɗauki zafi.

Gero

Kakan gero wata ciyawa ce da har yanzu take fitowa a bakin Sahara, daga Senegal zuwa Sudan, mai rassa barkatai da ƙananan kawuna da ke zubar da iri da zarar sun nuna. Mafi tsufan shaidar gero na gida da aka tabbatar ta fito ne daga arewacin Mali. A kwarin Tilemsi an tono fasassun tukwane da aka cuɗa yumɓunsu da ƙaiƙayin gero kimanin shekara 4,500 da suka wuce, lokacin da Sahara ke ƙara bushewa, makiyaya na gangarowa kudu. Binciken ƙwayoyin gado da aka wallafa a 2018 ya nuna yanki guda, wato tsakanin arewacin Mali da Muritaniya. Daga nan ya watsu. An same shi a Dhar Tichitt ta Muritaniya, da Birimi a arewacin Gana, da Gajiganna a Borno, da kufan mutanen Nok a tsakiyar Najeriya, kuma ya isa yammacin Indiya sama da shekara 3,500 da suka wuce.

Abin da manoman farko suka yi shi ne zaɓe, shekara bayan shekara. Duk kan da bai zubar da irinsa ba shi ke shiga dami, shi kuma ake sake shukawa. Sannu a hankali ƙwaya ta girma har ta leƙo daga kwansonta, rassa suka ragu, kai ya yi kauri ya yi tsawo, har aka kai ga zango, wanda zangarniyarsa kan wuce mita ɗaya a ƙasar Nijar. A hanya gero ya rasa dabarar yaɗa kansa. Yau in ba a shuka shi ba, ba ya daɗewa a wuri.

Babu hatsin da ya kai shi haƙuri da jigawa. Yana ba da amfani a inda ruwan shekara bai wuce milimita 300 ba, a rairayin da masara ba za ta ko kai gwiwa ba. Saiwarsa na nutsawa mita biyu ko fiye. Irinsa na jure zaman binne har ruwa ya sauka. Idan fari ya kama uwar kara, 'ya'yan da suka tsiro a gindi kan fid da kai daga baya su rage asara. A ƙasar Hausa jinsi ɗaya ne ya rabu uku. Gero na nuna cikin kwana 75 zuwa 100, shi ne mai kashe yunwar damina. Maiwa ba ta fid da kai sai yini ya fara gajarta, don haka takan kai wata huɗu zuwa biyar, kuma ta fi son inda damina ke da tsawo. Dauro kuwa, na kudancin Kaduna da Filato, a reno ake fara shi sannan a dasa.

Furen gero yana da wata ɗabi'a da ta shafi kowane manomi. A zangarniya guda, ɓangaren mace ke fara fitowa, fararen zare-zare masu laushi. Sai bayan kwana biyu ko uku ɓangaren namiji ya saki bununi. Kafin nan iska ta riga ta kawo bununin wasu karare, na gonar ko na maƙwabta. Saboda haka mafi yawan ƙwayoyin gero 'ya'yan uba na waje ne. Wannan ya sa kowace gona ta zama taron iri daban-daban, abin da ke taimaka mata a shekarar da ba a san yadda ruwa zai kasance ba. Shi ne kuma ya sa ingantaccen iri ke gurɓata bayan 'yan shekaru idan an shuka shi kusa da na gida, sai an sabunta. Daga nan ne ma shibra, ko shura, take fitowa: ruwa-biyu ce tsakanin geron gida da na daji, tana kama da gero sak tana ƙarama har mai cira ba ya gane ta, sai ta girma ta fid da ƙaramin kai mai zubar da iri. Masana iri suna ɗaukarta ciyawa. A gidan da rumbu ya ƙare kuwa ana yi mata kallo dabam, domin tana riga gero nuna, kuma ita ake fara yanka a kai turmi.

Ƙwayar gero tana da furotin kusan kashi 11 cikin 100, da mai kusan kashi 5, da sinadarin ƙarfe da zinki fiye da shinkafar da aka goge. Man nan shi ke ba fura da tumu ɗanɗanonsu, shi ne kuma matsalar gari. Da zarar an niƙa, wani sinadari da ke cikin ƙwayar yana fara farfasa man, cikin 'yan kwanaki gari ya yi ɗaci da wari. A zangarniya cikin rumbu gero na yin shekaru, a gari ba ya yin mako biyu da daɗi. Wannan ne dalilin sussuka da surfe da daka kusan kullum, kuma yana cikin abin da ya hana garin gero shiga kantuna kamar na alkama da masara. Jiƙawa da tsimawa da ake yi wa gasarar koko da kunu da ƙullun waina suna rage sinadaran da ke hana jiki ɗaukar ƙarfen da ke cikin hatsin. Karan kuwa ba ya faɗuwa banza: darni, rufi, makamashi, ruwan toka, abincin dabbobi. A nan gero ya fi dawa aminci, domin gyauron dawa na ɗauke da guba mai kashe shanu, gero ba shi da ita.

Indiya ce ke kan gaba a noman gero a duniya, musamman jihar Rajastan, inda ake kiransa bajra ana yin gurasa da shi. Nijar na cikin na gaba-gaba, da tan miliyan uku ko fiye a shekara mai kyau, amma hekta ɗaya a can takan ba da kilo 500 ne ko ƙasa da haka, alhali a Indiya tana wuce 1,200. Wani ɓangare na ratar daga iri yake. A Tifton ta jihar Jojiya a Amurka, Glenn Burton ya samar da wani gero da ba ya fid da bununi mai rai, wanda dole ya karɓi na wani. Da shi Jami'ar Aikin Gona ta Punjab ta fitar da iri mai aure na farko, HB 1, a 1965. Amfani ya ƙaru ƙwarai, amma da yake gonaki masu yawa sun koma 'ya'yan uwa ɗaya, cutar nan da ke mai da zangarniya tarin koren ganye ta afka musu tun daga 1971 ta yi ɓarna mai yawa. Tun daga lokacin masu ƙirƙirar iri suke komawa ga geron Afirka ta Yamma neman juriya. Wani iri mai saurin nuna da manyan ƙwayoyi daga arewacin Togo da Gana, iniadi, ya shiga jinin irin Indiya da dama.

Cibiyar ICRISAT, wadda aka kafa a 1972 kusa da Haidarabad, tana da tasha a Sadore kudu da Yamai da ofishi a Kano. Tare da masu bincike na Mali ta samar da SOSAT-C88, wanda Cibiyar Binciken Tafkin Chadi da ke Maiduguri ta fitar wa manoman Najeriya a 2000. A 2018 Nijar ta fitar da Chakti, mai ƙarin sinadarin ƙarfe. Sai dai a Sahel talaucin ƙasa ya fi rashin iri ciwo, musamman ƙarancin fosfora. Shi ya sa dabarar zuba ɗan taki kaɗan, kamar giram shida, a kowane rami lokacin shuka ta yi tasiri fiye da yadda ƙanƙantarta ke nunawa. Ƙasa mai ƙarfi kuma tana rage ƙuduji, wanda ya fi samun sarari a gonar da ta gaji.

Ƙarangiya da ƙyasuwa

Ƙarangiya, Cenchrus biflorus, ciyawar shekara ɗaya ce ta rairayi. Masana yanayin ƙasa suna amfani da ita wajen shata iyaka: inda ta daina fitowa ta arewa, nan ake cewa Sahel ya ƙare, Sahara ta fara. Heinrich Barth, Bajamushen da ya ratso Azbin zuwa Kano a 1850 da 1851, ya yi ƙorafi da ita a littafin tafiyarsa, ya kuma lura cewa mutanen ƙasar suna yawo da matsefata saboda ita. Amma kafin ta yi ƙaya kiwo ce mai kyau, kuma tana cikin masu fara tsirowa da ruwan farko. A cikin ƙayar akwai ƙwaya ƙarama mai furotin kusan kashi 20 cikin 100, wato ta fi gero. Buzaye sun daɗe suna tara ta su sussuke su ci, haka ma mutanen hamadar Rajastan, masu kiranta bhurat, a shekarun yunwa. Wahalar raba ƙwaya da ƙaya ce ta hana ta zama abincin yau da kullum. Yawanta a makiyaya kuma alama ce ta kiwo ya yi yawa, domin dabbobi sun cinye masu daɗi sun bar mai makami.

Ƙyasuwa, Cenchrus pedicellatus, ta fi son gefen gona da saura da ƙarƙashin itatuwa, domin tana jure inuwa fiye da yawancin 'yan'uwanta. Masu doki da masu turkar rago sun san darajarta ɗanya da busasshiya, kuma ana sa ta a baibaya da kwaɓin ƙasar gini. Ingancinta na faɗuwa da sauri idan ta yi fure, don haka wadda aka yanka da wuri aka shanya a inuwa ta fi wadda aka bari ta bushe a tsaye nesa ba kusa ba. An kai ta Indiya inda ake nomanta don shanu, aka kai ta arewacin Ostareliya inda ta zama annoba.

Ciyawar giwa

Babbar gidan ita ce ciyawar giwa, Cenchrus purpureus, mai kai mita huɗu ko fiye a bakin rafi da wurare masu damshi. Ana kiranta Napier, da sunan wani Kanar Napier na Bulawayo a Zimbabuwe ta yau, wanda ya jawo hankalin hukuma ga amfaninta a farkon ƙarni na 20. Ba ta mutuwa da shekara, kuma da kara ake dasa ta kamar rake. Idan da ruwa da taki, ana yankanta duk mako shida zuwa takwas, kuma kaɗan ne cikin ciyayin duniya ke tara jiki kamarta. Ita ce ginshiƙin kiwon shanun madara na turke a tsaunukan Kenya da Yuganda. A ƙasar Ibo ana fere ɗanyen tohonta, acara, a sa a miya.

A shekarun 1990 cibiyar binciken ƙwari ta icipe da ke Nairobi, ƙarƙashin jagorancin Zeyaur Khan, tare da cibiyar Rothamsted ta Ingila, ta ba ta wani aiki. Ana kewaye gonar masara da layukan ciyawar, a shuka wani dangin wake mai suna Desmodium a tsakanin kunyoyi. Warin Desmodium na korar malam-buɗe-littafin da ke haifar tsutsar kara, ciyawar giwa kuma na janyo shi. Idan ya yi ƙwai a kanta, danƙon da take fitarwa na kashe mafi yawan tsutsotsin. Saiwar Desmodium kuma na dakushe ƙuduji.

Ciyawar giwa na da kuromosom 28, gero na da 14, kuma suna iya aure. Abin da suke haifa na da 21, ba ya yin iri mai tsirowa, amma yana haɗa laushin ganyen gero da yawan jikin ciyawar. Irin waɗannan ne ake sayar da karansu ga masu kiwon zamani. Suna buƙatar ruwa sosai. A Sahel sai fadama ko ban-ruwa.

Waɗanda suka yi ƙaura

Cenchrus ciliaris, da aka fi sani da bafel, ciyawar busassun ƙasashen Afirka da Larabawa da Indiya ce, mai zurfin saiwa, mai tohuwa bayan gobara. Ta fara shiga Ostareliya wajen shekarun 1870 a cikin cushen sirdin raƙuman da aka kawo daga Asiya, daga baya aka shuka ta da gangan don shanu da kuma danne ƙura. An shuka ta a Tekzas da jihar Sonora ta Meziko saboda dalili ɗaya. Masu garke sun ji daɗinta, amma ta cike sararin da ke tsakanin tsirran hamada, inda da wuta ba ta samun abin bi. Yanzu gobara na cin manyan itatuwa a tsakiyar Ostareliya da dogayen tsirran saguwaro na Arizona, bafel kuma ta dawo ta fi da yawa. Jihar Ostareliya ta Kudu ta ayyana ta muguwar ciyawa a 2015, Yankin Arewa na Ostareliya ya bi sahu a 2024. Tana kuma da sinadarin da ke hana doki amfana da kalsiyam, har ƙasusuwan fuskarsa su kumbura idan ita kaɗai yake ci.

Kikuyu, mai rarrafe, daga tsaunukan Kenya ta fita ta zama shimfiɗar filayen wasa da makiyaya a Afirka ta Kudu da Ostareliya da Kolombiya. Cenchrus setaceus, da ake dasawa don ado, ta mamaye busassun gangaren Hawai, kuma Tarayyar Turai ta hana cinikinta a 2017.

Wani ɓangare na saurin yaɗuwar bafel da ƙyasuwa daga yadda suke yin iri ne. Ƙwayarsu na iya haɗuwa daga jikin uwa kaɗai, ba tare da gadon uba ba, sai kowace 'ya ta fito daidai da uwarta. Masu ƙirƙirar iri sun daɗe suna kwaɗayin wannan hali, domin da gero mai aure zai same shi, manomi zai iya ajiye iri daga gonarsa ba tare da ya lalace ba. A Tifton, Wayne Hanna da Peggy Ozias-Akins sun shafe shekaru suna ƙoƙarin ɗauko shi daga wani ɗan gidan na Gabashin Afirka, Cenchrus squamulatus. A 2015 aka bayyana ƙwayar gadon da ke sa ƙwan tsiron ya fara girma ba tare da bununi ba, kuma an nuna tana yin wannan aiki idan aka sa ta a gero, daga baya a shinkafa da masara. Wannan rabin halin ne. Ɗaya rabin, wanda ke hana gadon uwa rabuwa biyu kafin a yi ƙwan, shi ake ci gaba da bincike a kansa.